Firamaren ƙauyenmu ta cika shekara 50, biki za mu yi ko gyara?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wasiƙu uku na zaɓo yau kuma duk a kan abu ɗaya suke, ga ta farko.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Darazo amma aiki ya ajiye ni cikin garin Bauchi. Firamaren garinmu an buɗe ta ne 1976 lokacin UPE, wato shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa, kenan shekara 50 cif, sai mu tsofaffin ɗalibai muka buɗe guruf a WhatsApp muka fara karo-karo, ni aka ɗora wa sakatare. To Malam tun kuɗin bai taka kara ya karya ba rigima ta ɓarke, wasu sun ce a yi gagarumin biki a kawo rumfuna da kujeru daga Bauchi a fitar da anko a buga kalanda a gayyato ɗan majalisa da ciyaman, wasu kuma suka ce wane irin biki alhali iska ta yaye kwanon aji biyu tun daminar bara kuma yara a ƙasa suke zama. Har wani yayanmu ya yi fushi ya fita daga guruf ɗin. Ni dai na rasa ta cewa, dan Allah a ba mu shawara kafin abin ya ɓata mana zumunci. Daga ɗan'uwanku a Bauchi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka kira yayan nan naku a waya, ba a guruf ba, ka ba shi haƙuri ya dawo. Mutumin da ya yi fushi a kan makarantar garinsu ba wanda za a bari ya tafi ba ne, waɗanda abin bai dame su ba ai ko uffan ba su ce ba.

Ni ra'ayina a yi bikin, wallahi a yi shi. Duk wanda ya san yadda aka kafa irin waɗannan makarantun ba zai yarda ranar ta wuce shiru ba. 1976 ɗin nan shekara ce ta daban a wajenmu, a farkon watan Fabrairu Janar Murtala ya fitar da jihar Bauchi daga tsohuwar jihar Arewa maso Gabas, ko sati biyu ba a yi ba aka kashe shi Allah ya jiƙan shi, sai a watan Satumba Obasanjo ya ƙaddamar da UPE wanda tun zamanin Gowon ake maganar shi. Gwamnati ta yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a duk faɗin ƙasar, sai ga wajen miliyan 3, ga ƙarancin azuzuwa ga ƙarancin malamai, dole aka riƙa horar da malamai a gaggauce ana turo su ƙauyuka wasu ko gemu bai fito musu ba. Garuruwa da yawa a zauren dagaci aka fara ko rumfar zana ko gindin bishiya. Kuma a nan wajenmu ba rububin kawo yara aka yi ba kamar kudu, dagaci da mai unguwa ne suke bi gida-gida, wasu iyayen su ɓoye yaro a rumbu ko su tura shi ruga wajen dangi, wasu su ba da maraya su ɓoye nasu. Ba takardar haihuwa, sai a ce wa yaro ɗora hannunka ta saman kai ka taɓa kunnenka na ɗaya gefen, in yatsa ya kai an rubuta ka, in bai kai ba sai baɗi. Yaran nan ne yau suke malaman asibiti da injiniyoyi da sojoji da malaman makaranta, ciki har da ku. To ya za a ce ba za a tsaya a yi wa Allah godiya a gode wa mutanen da suka yi wannan wahalar ba?

Abin da nake so ku tsaya a kai shi ne, bikin na makarantar ne, kenan ranar da aka naɗe tabarmi kowa ya hau motar shi ya koma Bauchi da Abuja da Kano, dole yaron aji uku ya zo da safe ya ga wani abu ya canza. In har mafi yawan kuɗin a hannun mai hayar rumfa da mai buga kalanda ya ƙare, to kanku kuka yi wa biki, makarantar aron filinta kawai kuka yi. Saboda haka ɓangarorin nan biyu naku ba su da nisa da juna kamar yadda kuke gani, a yi gyaran tukuna, ranar bikin ta zama ranar buɗe abin da aka gyara.

Ku daina yanke hukunci daga waya. Mutum uku ko huɗu cikinku su tafi gida ranar karatu, Talata ko Laraba, ba ranar kasuwa ba, ku fara gaida dagaci sannan ku je wajen hedimasta ku ce ya zagaya da ku. Ku shiga ajin da kwanon ya yaye ku ɗaga kai ku duba katakon, sau da yawa ba kwanon ne kaɗai ba, gara ta riga ta cinye katakon rufin, in aka ɗora sabon kwano a kai iskar farkon damina ɗaya za ta sake kwashe shi. Ku duba allo ko har yanzu da gawayi da baƙin batir ake shafa shi. Ku ƙirga benci ku ƙirga yara. Ku tambayi ina 'yan mata suke zagawa, ina ake shan ruwa. Sannan abin da ya fi damuna, ku ɗauko yara biyar daga aji huɗu, ba waɗanda malam zai zaɓo muku ba, ku ba su littafin Hausa ku ce su karanta layi uku. Ku yi shi da fara'a kar ku tsorata yaran kuma kar ku kunyata malamin a gabansu, mutumin da yake riƙe da aji biyu ko uku shi kaɗai ba shi ne abin zargi ba. Amma ku ji da kunnenku. Ina tabbatar maka in kuka dawo kuka faɗa wa guruf abin da kuka ji, rigimar anko za ta mutu da kanta.

Daga nan kwano ne farko, kuma kafin ruwa ya sauka. Sai benci, shi kuma ku ba kafintan garinku ko na Darazo, kuɗin ya zagaya a gida kuma in ƙafa ta karye shi zai gyara. Bayin 'yan mata kar ku raina shi, yarinya in ta fara girma ba inda za ta kewaya sai ta ce za ta je gida, daga zuwa gida sai a daina dawowa.

Akwai kuma abu ɗaya da kusan kullum ake mantawa, fili. Makarantun 1976 da yawa da baki aka ba da filinsu, wani dattijo ya ce daga tsamiyar can zuwa hanyar shanu na ba makaranta, shikenan ba takarda. Yau gonaki suna matsowa kunya-kunya duk damina, wani ya kafa shago, wani ya ja katanga. Dattawan da suka ga lokacin da aka yi kyautar sun kusa ƙarewa. Tun suna raye ku tara su da dagaci da magadan mai filin a taka iyaka, a kira ma'aikacin safiyo ya auna ya zana, a kafa turakun siminti a shuka darbejiya a jere, a rubuta kowa ya sa hannu, kwafi ɗaya wajen hedimasta ɗaya wajen dagaci ɗaya ofishin ilimi. Wannan aikin shekara 50 mai zuwa jikokinku za su gode muku a kan shi.

Maganar 'yan siyasa kuwa ku gayyace su, haƙƙinku ne a kansu, amma kar ku gina lissafinku a kan alƙawarin da aka yi a lasifika. Mun sha gani a yi ta tafi an ce wane ya ba da buhun siminti kaza, shekara ta zagayo ko buhu ɗaya ba a gani ba. Wanda zai taimaka ku je mishi tun kafin ranar da takarda a hannu, ga aikin ga kiyasin kuɗin, ranar biki a yi godiya a kan abin da ya riga ya iso. Kuma ku sani gina sababbin azuzuwa da turo malamai aikin gwamnati ne, ba nauyin karo-karonku ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wato UBE, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya wato UBEC ke riƙe da shi, jiha sai ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta karɓa, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha wato SUBEB ita ke zaɓar makarantun da za a yi wa aiki. To ta ina sunan makarantarku zai shiga in ba wanda ya rubuta? Ku zauna da hedimasta da kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin mutanen gari da ke sa ido a kan tafiyar da ita, ku rubuta takarda da hotuna da yawan yara da yawan malamai, ta bi ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB a Bauchi, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ku sa mutum ɗaya cikinku da ke zaune a Bauchi ya riƙa leƙawa. Kai kanka ka dace da wannan aikin tunda kana gari.

Kuɗi kuma kar ya zauna a akawun ɗin mutum ɗaya komai amanar shi, ku buɗe na ƙungiya mai sa hannun mutum uku, duk abin da aka saya a ɗauki hoton rasit a tura guruf. Ba rashin yarda ba ne, kare mutuncin mai riƙon ne.

Ranar kuwa ku sa ta bayan kaka lokacin da amfani ya shigo gida mutane suna da sukuni, amma kafin a ba da hutu don yaran su kasance. Inuwar bishiyoyin makaranta da tabarmi sun isa, kujeru kaɗan na dattawa da baƙi, a dafa abinci a gari kowa ya ci musamman yaran. Anko ga mai so, a ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin ya shiga asusu. Kalanda ma ba laifi in za a sayar, amma hotunan malaman farko za a sa. Kuma jawabai kar su cinye ranar, a bar yara su yi fareti su yi karatu su yi kacici-kacici a gaban iyayensu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mace ce daga yankin Dukku a jihar Gombe, makarantarmu ma ana shirin irin wannan bikin. Mazan sun kafa kwamiti ko mace ɗaya babu, da na yi magana ta bakin ƙanena sai aka ce ai yawancinmu ba mu gama ba, ni a aji biyar aka cire ni aka yi min aure. Shin mu ba tsofaffin ɗalibai ba ne? Abin ya tsaya min a rai sosai.

AMSA: Hajiya ke tsohuwar ɗaliba ce, ba wata tantama. Sunanki yana cikin rajista da lambarki, kin share filin makarantar nan kin ɗebo mata ruwa kin sha bulalar latti, kuma ba ke kika cire kanki ba. In ma gamawa ce ma'auni to maza nawa ne a kwamitin da suka bari a aji huɗu suka tafi kiwo ko cirani?

Kuma ba alfarma za a yi muku ba, ko tsarin SBMC da gwamnati ta fitar ya tanadi kujerar mata da ta tsofaffin ɗalibai har da ta yaran da ke karatu. Shawarata kar ki tsaya jayayya da kwamiti, ki tara 'yan ajinku da na gaba da ku da na baya, waɗanda ke gari da waɗanda aure ya kai Gombe da Bajoga da sauran wurare, ku yi naku adashin ku zaɓi aiki ɗaya ku ce wannan namu ne, ni da za ku ji tawa bayin 'yan mata za ku ɗauka, ko ku ɗinka yunifom da hijabi ga marayu. Sai ku aika wa dagaci da hedimasta ta hannun wata dattijuwa da ake jin nauyinta cewa ga abin da mata suka ɗauka, kuma kuna son wakilai biyu a kwamiti. Da wuya a ce muku a'a.

Sannan ina roƙonki ranar bikin ki yi magana, ko a ɓangaren mata ne. Ki faɗa wa iyaye mata abin da kika faɗa min, cewa a aji biyar aka cire ki kuma har yau abin yana ranki. Iyayen da ke ɗora wa yarinya farantin talla da safe ba jawabin babban baƙo ne zai taɓa su ba, maganar wadda suka sani suke zuwa suna da biki tare da ita ce za ta shiga. In kuma kina da sha'awar ci gaba da karatun, ki tambayi ajin yaƙi da jahilci na manya a ƙaramar hukumarku, shekara biyar ɗin da kika yi ba ta ɓace ba, hannunki zai tuna da wuri. Allah ya saka miki da alheri da kika rubuto.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ƙaramin malami ne a wata firamare a yankin Kumo, hedimasta ya ce in rubuta tarihin makarantar da za a karanta ranar biki. Matsalar ita ce allon bakin hanya 1976 aka rubuta amma dattawa sun dage tun kafin nan ake karatu a zauren mai gari, logbuk ɗin farko kuma, wato littafin da hedimasta ke rubuta abubuwan da suka faru a makaranta, gara ta cinye rabi. Wanne zan ɗauka? Sannan akwai malaman farko guda biyu da suke raye, me ya kamata a yi musu?

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, aiki mai kyau aka ba ka. Zai iya yiwuwa duka biyun gaskiya ne, an fara aji a zaure sannan UPE ta zo aka yi gini aka ba makarantar suna a hukumance. Ka rubuta duka, ka ce dattawa sun shaida an fara a zauren mai gari, takarda kuma ta nuna kaza, ba sai ka ƙaryata kowa ba.

Rabin logbuk ɗin da ya rage kar ka raina shi, yau ɗin nan ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka tun kafin ya ƙarasa rududdugewa, ka sa shi a leda ka ɗaga shi daga ƙasa. Ka nemi rajistar shiga ta farko, ita ta ma fi logbuk amfani don tana da sunan yaro lamba ɗaya da sunan mahaifin shi da ranar da aka ɗauke shi. Ka bi tsofaffin ɗalibai su buɗe akwati su fito da satifiket ɗinsu na gama firamare, wanda ya shiga 1976 shekara shida ya yi, amma waɗanda suka riga UPE a Arewa har aji bakwai suke kaiwa, kaga in ka samu wanda ya ce a makarantarku ya yi aji bakwai to maganar dattawa ta samu ƙarfi. Kar ka ruɗe in ka ga takardun suna ɗauke da sunan jihar Bauchi, Gombe ba ta zama jiha ba sai 1 ga Oktoba 1996, kafin 1976 kuma Arewa maso Gabas za ka gani ko En'e ta Gombe, wato hukumar mulkin gargajiya ta wancan lokacin. Ka leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, in kuma makarantar ta kai zamanin En'e to gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna ajiye takardun wancan lokacin.

Amma malaman nan biyu su ne babban abin da kake da shi, kar ka jira ranar biki. Ka je gidajensu da goro ka zauna a ƙasa ka kunna rikoda ka bar su su yi magana, kar ka katse su. Ka tambaye su wa ya kawo su garin, a gidan wa aka sauke su, nawa ne albashinsu na farko, da keke suke zuwa karɓa ko a ƙafa, wa ya rataya tsohon wilin motar nan a bishiya da ake bugawa a matsayin ƙararrawa, wace yarinya ce ta fara gamawa, waɗanne abokan aikinsu ne suka rasu. Za su tuna sunayen da ba su cikin kowace takarda, har malaman da suka zo daga Tangale da Filato da wasu wurare masu nisa suka zauna cikinmu suka koyar da mu, su ma a ambace su da suna a yi musu godiya ko iyalansu ne suka zo.

Abin da za a yi musu kuwa, dan Allah kar a tsaya a lambar yabo ta katako da za su rataya a bango. Malamin firamare da ya yi ritaya kowa ya san yadda fansho da giratuti suke wahalar da shi, kuma yawancinsu kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Ku aika wanda suke sakewa da shi ya tambayi iyalinsu a asirce me ake buƙata, wani maganin hawan jini ne duk wata, wani aikin ido, wani ɗakin shi ne ke yoyo. A yi wannan a ɓoye ba a lasifika ba. Ranar bikin kuma a aika mota ta ɗauko su, a ɗinka musu riga da hula, a zaunar da su a gaba kusa da hakimi ba a bayan 'yan siyasa ba, ɗalibansu na farko su taso ɗaya bayan ɗaya su durƙusa su gaishe su kowa ya faɗi sunan shi da abin da yake yi yanzu. Waɗanda suka rasu liman ya yi musu addu'a da sunayensu, a kai wa iyalansu buhun hatsi.

In ka gama rubuta tarihin ka buga kwafi da yawa, ɗaya ofishin hedimasta ɗaya gidan mai gari ɗaya ofishin ilimi, muryoyin da ka ɗauka kuma ka tura wa mutum biyu ko uku su ajiye don waya tana ɓata. Ka turo mana kwafi mu ma, za mu so mu karanta.